Sharhin Raha da Kalmomin Siyasa: Nazari Daga Mahaɗar Lambata

1.0 GABATARWA

Masana harshe da adabin Hausa sun daɗe suna nazarin waƙoƙin siyasa, tun daga na zamanin NEPU da NPC har zuwa na jamhuriya ta huɗu. Haka kuma an yi rubuce-rubuce da dama a kan yadda gidajen rediyo da jaridu suke fassara labarai. Sai dai akwai wani fage da yake tsakanin waɗannan biyu wanda bai sami kulawar da ta kamace shi ba, wato sharhin raha. Abin nufi da sharhin raha shi ne tsokacin da ake yi a kan labaran yau da kullum da al'amuran mulki cikin wasa da dariya, inda mai magana yakan ɗauki kalmar da hukuma ko ɗan siyasa ya furta, ya juya ta, ya mayar wa jama'a da ita ɗauke da wata ma'ana. Ana samun irin wannan sharhi a shirye-shiryen siyasa na rediyo, da gajerun bidiyoyin da ake yaɗawa ta wayar hannu, da kuma majalisun hira na tasha da kasuwa da teburin mai shayi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sharhin raha wani mataki ne na fassara, wanda yake zuwa bayan ta ɗan jarida, kuma sau da yawa shi ne yake yanke hukunci a kan ma'anar da kalmar siyasa za ta zauna da ita a bakin jama'a. Za a dubi dabarun da ake bi wajen sarrafa kalmomin, sannan a auna inda wannan fasaha take da ƙarfi da inda take da rauni. An zaɓi a dubi al'amarin daga garin Lambata na Jihar Neja saboda dalilan da za a bayyana a ƙasa.

2.0 LAMBATA DA HAUSARTA

Lambata gari ne a ƙaramar hukumar Gurara, wadda hedikwatarta take Gawu Babangida, a cikin masarautar Suleja. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Suleja zuwa Minna, kuma a nan ne hanyar Lapai da Agaie da Bida ta rabu. Wannan ya sa ya zama matattarar direbobin manyan motoci da fatake da masu sarin kayan abinci. Ta wannan hanya ce kuma ayarin motocin 'yan siyasa yake bi daga Abuja zuwa Minna, garin tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Janar Ibrahim Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar. Mutumin da yake zaune a bakin wannan titi yana ganin mulki yana wucewa da jiniya, yana kuma jin labarinsa a rediyo.

Yankin ƙasar Gbagyi ce tun asali, ga kuma Nufawa da Fulani da Hausawa da sauran al'ummu da ciniki ya tara. Hausa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa, alhali ga da yawa daga cikinsu harshe na biyu ce. Wannan shi ne muhimmancin wurin ga manazarci. Habaicin da ya dogara a kan tsohuwar karin magana ko tarihin wata unguwa ta birnin Kano yana iya ba Bakano dariya, amma da wuya ya ƙetare Kaduna da ƙarfinsa. Kalmar da za ta yi tasiri a mahaɗa irin ta Lambata sai ta kasance mai ɗauke da hoton da kowa ya sani, kamar kuɗi ko abinci ko hanya. Saboda haka wuri irin wannan ya fi cibiyar harshe dacewa da zama ma'aunin ƙarkon kalma.

Bugu da ƙari, masarautar Suleja ta san yadda hukuma take taɓa suna. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828, bayan Haɓen Zazzau sun baro Zariya, da sunan Abuja aka san shi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsayar da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai sabon birnin ya ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Jama'ar da aka karɓi sunan garinsu da takardar doka ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan dangantakar kalma da iko.

3.0 TUSHEN SHARHIN RAHA

Yi wa masu mulki dariya ba baƙon abu ba ne a al'adar Bahaushe. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da fadawansa a gaban idonsu. A bikin kalankuwa samarin ƙauye sukan naɗa sarakuna da alƙalai na wasa bayan an kawar da amfanin gona. Tashe na watan azumi cike yake da hannunka-mai-sanda. Akwai kuma barkwancin da yake tsakanin al'ummu, kamar Fulani da Barebari, Kanawa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa, wanda ya ba mutum damar faɗin magana mai zafi ba tare da an riƙe shi ba. Fiye da duka, akwai 'yan kama, waɗanda Gidley (1967) ya yi nazarin sana'arsu. Babbar dabararsu ita ce su ɗauki sigar magana mai kwarjini, kamar karatun malami ko waƙar fitaccen makaɗi, su cika ta da zancen tuwo da miya. Kamar yadda za a gani, wannan dabara ce har yau take aiki a sharhin siyasa.

A ɓangaren rubutu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu 1939, ta saba wa masu karatu da sharhi mai sauƙin harshe wanda ake sirkawa da karin magana da ban dariya. Editanta na farko Bahaushe, Abubakar Imam, haifaffen Kagara ne, a cikin Jihar Neja ta yau. Da siyasar jam'iyyu ta kankama bayan kafa NEPU a 1950, sai kalmomi irin su sawaba da salama suka tashi daga ma'anarsu ta asali suka zama tutocin ɓangarori. Buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, musamman Freedom Radio a Kano a 2003 da shirinta na Kowane Gauta, ya ba magoya bayan 'yan siyasa dandali na kullum. Daga baya wayar hannu ta kawo irin su Bello Galadanci, wanda aka fi sani da Ɗan Bello, wanda bidiyoyinsa suka yi tashe a 2024. Ta waɗannan kafofi ne kalma takan tashi daga Kano ko Kaduna ko Abuja da safe, kafin la'asar ta isa tashar Lambata.

4.0 DABARUN SARRAFA KALMA

4.1 Kalma Mai Harshen Damo

Dabara ta farko ita ce amfani da kalmar da take da ma'ana fiye da ɗaya. Babu misalin da ya kai canji. Wannan kalma ta aro ta daɗe a Hausa da ma'anar ragowar kuɗin da mai saye yake karɓa, da kuma musayar kuɗin ƙasashe, inda aka sami 'yan canji. A zaɓen 2015 jam'iyyar APC ta ɗauke ta a matsayin take, da ma'anar sauyin gwamnati da gyaran ƙasa. Tun a lokacin kalmar tana da wani tarihi a kunnen dattawa, domin a watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta marigayi Muhammadu Buhari ta yi canjin kuɗi. Sai ga shi a ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin takardun suka yi ƙaranci, tsofaffin kuma aka sa musu wa'adi, har sai da Kotun Ƙoli ta shiga tsakani a ranar 3 ga Maris 2023. A watannin nan ciniki ya tsaya cik a kasuwannin karkara, inda manomi ba shi da asusun banki, mai saye kuma ba shi da tsaba. A irin wannan hali jimla guda takan ɗauki ma'ana uku a lokaci ɗaya:

(1) An zaɓi canji, an yi canji, ga shi babu canji.

Canji na farko taken jam'iyya ne, na biyu aikin banki, na uku kuwa shi ne na hannun mai tireda. Mai magana bai zagi kowa ba, bai kuma ƙara kalma ko ɗaya daga wajensa ba. Jera ma'anonin kawai ya yi, tarihi ya yi sauran aikin.

Haka abin yake ga kalmar tallafi. Ingilishi yana da kalma dabam ta rangwamen da gwamnati take yi a kan farashin mai, da wata dabam ta kayan rage raɗaɗi da ake rabawa, da wata ta agajin ƙungiyoyi. Masu fassarar labarai sun tattara su duka a ƙarƙashin tallafi. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama mulki ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ta haura naira 1,000 a Abuja a watan Oktoba 2024. A watan Agusta 2023 aka ba da sanarwar ware wa kowace jiha naira biliyan 5 domin rage raɗaɗi. A Hausar rediyo, an cire tallafi ke nan an kawo tallafi. Abin da za a iya ɗauka rauni ne na fassara sai ya zama makami, domin kalma ɗaya ta tilasta wa mai sauraro ya ɗora abin da aka karɓe da abin da aka bayar a kan sikeli guda, ya ga mudun shinkafa a gefe ɗaya, kuɗin mota na shekara a ɗaya gefen.

4.2 Daskarar da Jimla

Hausa tana da ɗabi'ar mayar da jimla sukutum ta zama harɗaɗɗen suna, kamar dafa-duka da faɗi-tashi da a-ci-balbal. Siyasa ta ci moriyar wannan ƙwarai. Tazarce ta samu ne daga wakilin suna ta da aikatau zarce. A rubutun yau da kullum, inda ba a nuna karin sauti da tsawon wasali, ana iya karanta ta da fuska biyu, ko dai a matsayin labari, wato abin ya riga ya zarce, ko a matsayin fata, wato a bari ya zarce. Kalmar ta yi ƙarfi a 1998, lokacin da ake gangamin neman Janar Sani Abacha ya ci gaba da mulki a rigar farar hula, har aka laƙaba sunan ga wata doguwar riga ta maza da aka yi yayi a lokacin. Mutuwar Abacha a ranar 8 ga Yuni 1998 ta juya kalmar daga kirari zuwa izgili. Da wannan launi aka yi amfani da ita a 2006, sa'ad da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Shugaba Obasanjo zango na uku. Ta kuma ƙetare iyaka zuwa Jamhuriyar Nijar, inda ta zama sunan yunƙurin Shugaba Mamadou Tandja na 2009, wanda ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. A yau ana cewa gwamna yana neman tazarce ko da zango na biyu ne da doka ta ba shi dama. Ke nan kalmar ta bi matakai uku, daga yabo zuwa zambo zuwa suna na yau da kullum, cikin abin da bai kai shekara talatin ba.

Kusa da wannan akwai amsa-kama sak, wadda asalinta take nufin miƙewa ba karkata. A zaɓuɓɓukan da Buhari ya tsaya, musamman na 2015, ta zama umurnin a zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Waɗanda suka ga an yi amfani da ita wajen shigar da 'yan takarar da ba su dace ba sai suka fito da cancanta a matsayin kishiyarta. Ƙamus ba zai taɓa nuna sak da cancanta a matsayin kishiyoyi ba, amma duk mai sauraron rediyon Hausa a 2019 ya san haka suke.

4.3 Aro da Gangan

An saba ɗaukar aron kalma a matsayin cike giɓi, wato harshe yakan ari abin da ba shi da sunansa. Sharhin raha yana nuna wani dalili na daban. A watan Maris 2019 hukumar zaɓe ta bayyana cewa zaɓen gwamna bai kammala ba a jihohi da dama, ciki har da Kano da Sakkwato da Bauci da Filato, aka kuma sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna ranar 23 ga watan. Gidajen rediyo sun ba da fassara mai kyau, wato zaɓen da bai kammala ba. Duk da haka jama'a suka riƙe kalmar Ingilishin, suka lanƙwasa ta ta zama inkwankulusib. Dalili shi ne fassarar ta wanke kalmar, ta mai da ita bayani kawai, alhali jama'a suna son su riƙe baƙuntarta da nauyinta a baki, domin su nuna cewa abu ne da aka kawo musu daga sama. Daga nan sai ta bazu zuwa wasu fagage, a jimloli irin waɗannan:

(2) Maganar auren nan ta zama inkwankulusib.

(3) Aikin titin nan inkwankulusib ne.

Misali na (3) ba ya buƙatar sharhi ga mai bin hanyar Suleja zuwa Minna, wadda aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2010, aka kuma kwashe fiye da shekara goma ana kan aikin.

Wani lokaci kuma aron yakan yi dace da wata siga ta cikin gida. Haɗewar jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA a 2013 ta shigo da kalmar maja. Akwai haɗaka da gamayya a Hausa, amma maja ta fi su karɓuwa. Kunnen Bahaushe yana iya jin ta a matsayin ma ja, wato lokaci mai zuwa na biyu tare da aikatau ja, kuma ja a Hausa ya ƙunshi jayayya da ƙin sallamawa. Baƙuwar kalma ta iske 'yar gida mai kama da ita, sai ta zauna.

4.4 Mayar da Mulki Kwanon Abinci

A nan ne gadon 'yan kama ya fi fitowa fili. Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, 'yan siyasa sun yawaita amfani da wani furuci na Ingilishi wanda yake kwatanta amfanin dimokuraɗiyya da ribar da mai hannun jari yake samu a kamfani. Hausa ta mayar da shi romon dimokuraɗiyya. Duk wanda ya fara wannan fassara ya yi gwaninta, ko da niyya ko babu. Romo ruwan nama ne. Wanda aka ba romo ya san akwai tsoka a tukunya, ya kuma san wani ne ya ci. Ɗan siyasa yakan furta kalmar da alfahari a bakin lasifika, mai sauraro kuma yana jin ɗaya ma'anar.

A zaɓen 2023 taliya ta shiga wannan sahu. Zargin raba taliya da atamfa da sabulu ga masu jefa ƙuri'a ya sa kalmar ta zama sunan sayar da 'yanci da araha. Abin lura shi ne wannan habaici ya sha bamban da na romo, domin bakinsa yana kallon talaka ne. Idan aka yi kukan tsadar rayuwa sai wani ya ce ai taliyar ce ba ta gama narkewa ba. Haka nan kalmomin da ake bayyana almundahana da su, irin su handama da babakere da wawura da rub-da-ciki, duk daga fagen ci da kwaɗayi aka ɗebo su.

Akwai siffantawar da ba ta abinci ba amma mai irin wannan ƙarfi. Rikicin jam'iyyar PRP na farkon shekarun 1980 ya haifar da 'yan taɓo, masu biyayya ga Malam Aminu Kano, da 'yan santsi, ɓangaren gwamnoni Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Majalisar da ba ta musa wa gwamna kuwa ana kiran 'ya'yanta 'yan amshin Shata, daga mawaƙan da suke karɓa wa Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Matashin da bai taɓa ganin Shata ba yana amfani da wannan furuci daidai.

4.5 Ɗafa-ƙeyar -iyya

Sunayen ɗariƙu irin su Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun ba Hausa wani ƙwarangwal na gina sunan tafiya daga sunan jagora. Kwankwasiyya, tafiyar Rabi'u Musa Kwankwaso mai alamar jar hula, ita ce ta fi shahara, sai Gandujiyya da Buhariyya suka biyo. Magoya baya da gaske suke yi, amma ɗafa-ƙeyar ta zama kayan wasa, domin ana iya liƙa ta ga sunan kowane kansila ko shugaban 'yan tasha don a nuna ya ɗauki kansa da girma. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da take tsakanin nauyin sigar da ƙanƙantar wanda aka liƙa wa.

5.0 ƘARFI DA RAUNI

Idan aka dubi misalan da suka gabata, za a ga cewa sharhin raha mai kyau yana da siffa guda: yana mayar wa kalma nauyin da maimaici ya zubar mata. Taken jam'iyya da sanarwar gwamnati sukan tsufa da sauri, su zama sauti kawai. Mai raha yakan ɗauko su ya gwada su da farashin mudu da kuɗin mota. A wannan fuska aikinsa na mai suka ne na gaske. Abin da ya ɗaga bidiyoyin Ɗan Bello sama da na masu barkwanci da yawa shi ne yadda yake haɗa wasan kwaikwayo da alƙaluman kasafin kuɗi, ta yadda mai kallo zai tashi da dariya da kuma tambaya.

Rauni na farko yana zuwa ne idan raha ta zama haya. Waɗanda ake kira sojojin baka, wato masu shiga rediyo su kare ubangida su soki abokin hamayyarsa, suna da zalaƙa ƙwarai, kuma da yawa daga kalmomin da aka tattauna a sama ta bakinsu suka yaɗu. Sai dai zalaƙar da aka biya kuɗinta takan gangara daga habaici zuwa zambo, daga zambo zuwa zagin iyaye da tonon asiri. Habaici yana barin ƙofa a buɗe, mai tsarguwa ya tsargu. Zagi kuwa ba ya buƙatar fasaha, kuma shi ne yake ba hukuma hujjar sa hannu. A watan Mayu 2025 gwamnatin Jihar Kano ta ba da sanarwar hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye. A tsakiyar shekarar kuma Gwamna Umaru Bago na Neja ya ba da umurnin rufe gidan rediyon Badeggi FM da yake Minna, matakin da ƙungiyoyin 'yan jarida da na lauyoyi suka yi tir da shi. Duk inda aka ƙuntata fili saboda masu zagi, mai habaici na gari shi ma ya rasa wurin tsayawa.

Rauni na biyu shi ne salon magana ba ya jure tafiya zuwa wani harshe. A watan Mayu 2012 Buhari ya yi amfani da karin maganar nan ta kare jini biri jini yayin da yake magana da Hausa a Kaduna a kan zaɓen 2015. Ga Bahaushe ma'anarta fafatawa ce mai tsanani wadda kowane ɓangare zai ji a jikinsa. Jaridun Ingilishi suka fassara ta kalma da kalma, ta fito a matsayin barazanar zubar da jini, aka yi makonni ana taƙaddama. A gari mai harsuna da yawa irin Lambata wannan haɗari kullum yana nan, domin abin da wani ya faɗa da wasa wani yana iya ɗaukarsa da gaske, musamman idan ya shafi ƙabila ko addini.

Rauni na uku ya fi sauran nauyi. Raha tana iya zama maganin barci. Al'ummar da ta iya mayar da kowace masifa abin dariya tana iya sabawa da masifar. Amma tarihin yankin ya nuna cewa dariyar tana da iyaka. A watan Fabrairu 2024 mata da matasa sun tare hanya a Minna saboda tsadar abinci, aka kuma yi irin wannan a Suleja. A ranar 18 ga Janairu 2025 wata tankar mai ta faɗi a mahaɗar Dikko, a cikin ƙaramar hukumar Gurara, ta kama da wuta, mutum fiye da 80 suka rasu, da yawansu suna ƙoƙarin kwasar man da ya zube. Kalmar tallafi da ake wasa da ita a teburin mai shayi tana da alaƙa da abin da ya kai mutane bakin wannan tanka da jarkoki. Manazarcin da ya ɗauki sharhin raha a matsayin nishaɗi kawai bai fahimci abin da yake ƙarƙashinsa ba.

6.0 ƘALUBALE GA MASU ƘAMUS

Ƙamusun Bargery (1934) ya yi fice ne saboda bai ƙyamaci maganar kasuwa da ta 'yan tasha ba. Littafin Hausa in the Media na McIntyre da Meyer-Bahlburg (1991) ya tattara kalmomin kafofin watsa labarai na zamaninsa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) kuma ya kafa harsashin bayyana Hausa da Hausa. Aikin da ya rage shi ne bin sawun ma'ana ta biyu, wadda raha take ɗora wa kalma. Ɗalibin da zai karanta jaridar 2023 nan da shekara hamsin zai tarar da taliya a cikin sharhin zaɓe, ya duba ƙamus ya ga abinci ne da ake yi da alkama, ya tashi bai gane komai ba. Santsi da taɓo sun riga sun fara shiga wannan hali ga waɗanda aka haifa bayan jamhuriya ta biyu.

Ana ba da shawarar sassan harsunan Nijeriya su riƙa tattara irin waɗannan kalmomi a kowane zagayen zaɓe, tare da shekarar da suka ɓulla da abin da ya haife su. Ya kamata kuma tattarawar ta wuce Kano da Katsina da Sakkwato, ta haɗa da garuruwan mahaɗa na Neja da Nasarawa da Filato da kewayen Abuja, inda miliyoyin mutane suke amfani da Hausa a matsayin harshe na biyu.

7.0 KAMMALAWA

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa sharhin raha yana da tushe a wasannin gargajiya da sana'ar 'yan kama, kuma yana sarrafa kalmomin siyasa ta hanyar harshen damo da daskarar da jimla da aro da gangan da siffantawa da ɗafi. An ga cewa kalmomin da suka fi ƙarko, irin su canji da tallafi da romo da taliya, su ne waɗanda mai sayar da doya da direban tirela a Lambata za su gane ba tare da an yi musu fashin baƙi ba. An kuma nuna cewa haya da mummunar fassara da sabo da wahala su ne abubuwan da suke rage wa wannan fasaha daraja. Fatan da ake yi shi ne manazarta su ba wannan fage matsayinsa a cikin adabin baka na zamani, su kuma adana kalmominsa tun masu furta su suna raye.